Shin abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa? Fashin baƙi kan faɗuwa sakaka da yadda ake warware lissafinta

Idan aka saki guduma da gashin tsuntsu daga tsayi ɗaya a lokaci ɗaya, wanne zai riga isa ƙasa? Kusan duk wanda aka yi wa wannan tambaya zai ce guduma, kuma idan a cikin ɗaki ko a fili aka yi gwajin, idonsa zai ba shi gaskiya. Sai dai akwai wani tsohon bidiyo da ke yawan dawowa a intanet, wanda aka ɗauka a duniyar wata ranar 2 ga Agusta, 1971, inda David Scott, jagoran tawagar kumbon Apollo 15, ya riƙe guduma mai nauyin fiye da kilo ɗaya a hannu guda, gashin shaho a ɗaya hannun, ya sake su, suka taɓa ƙasa tare.

Duk lokacin da bidiyon ya sake yaɗuwa, bayanai biyu ake ji. Wasu su ce siddabarun kyamara ne, wasu su ce ai babu jan ƙasa a wata, shi ya sa. Dukkansu kuskure ne, na biyun ma ya rushe kansa da kansa, domin da babu abin da ke jan gudumar, da ba ta faɗi ba sam. Wata yana da nasa jan, kimanin kashi ɗaya cikin shida na wanda muke ji a duniya. Abin da babu a can shi ne iska, wadda ita ce take rage wa gashin tsuntsu sauri a nan duniya. Wannan ruɗani shi ne yake bin ɗalibin Fiziks har cikin ɗakin jarrabawa, inda za a ga ya haddace fomuloli tsaf, amma tambaya mai sauƙi a kan dutsen da aka jefa sama ta gagare shi. A ganina tushen matsalar guda ne: rashin bambance gudun abu da saurin da gudun yake canzawa. Wanda ya kama wannan bambanci, kuma ya saba zaɓar alkibla kafin ya fara lissafi, ya gama da mafi wuyar aikin.

Gudu daban, saurin canjinsa daban

Akwai abubuwa biyar da kowace tambaya ta babin motsi a Fiziks take jujjuyawa a kansu, kuma kowanne yana da harafin da aka saba alamta shi da shi. Na farko shi ne gushewa, s, wato tazarar da ke tsakanin inda abu ya fara da inda yake yanzu, tare da ɓangaren da ya nufa. Gushewa ta bambanta da jimillar nisan da aka yi: wanda ya yi tafiyar mita 10 gaba ya dawo mita 10 baya ya ci nisan mita 20, amma gushewarsa sifili ce. Sai gudun farko, u, da gudun ƙarshe, v, waɗanda ake aunawa da mita a kowane sakan, su ma kowanne da alkiblarsa. Na huɗu lokaci ne, t. Na biyar, wanda shi ne kashin bayan babin, shi ne a, saurin canjin gudu.

Ma'anar a ita ce yawan abin da ke ƙaruwa ko raguwa a kan gudu cikin kowane sakan. Idan mota tana gudun mita 10 a sakan, bayan sakan ɗaya ta koma 12, bayan wani ta koma 14, to saurin canjin gudunta shi ne mita 2 a sakan cikin kowane sakan, abin da ake rubutawa 2 m/s². Wannan ma'auni mai sakan biyu a ciki yana rikita mutane, alhali karatunsa kai tsaye ne: sakan na farko na gudun ne, na biyun na canjin ne. Daga nan za a ga cewa abu yana iya yin gudu mai tsanani alhali a ɗinsa sifili ne, kamar jirgin sama da ya daidaita a sararin samaniya bai ƙara bai rage ba. Haka nan abu yana iya kasancewa ba ya motsi a wani ɗan lokaci alhali gudunsa yana cikin canzawa. Wannan hali na biyu shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai, kuma za mu tsaya a kansa a gaba.

Idan aka ce saurin canjin tsayayye ne, ana nufin adadin da ake ƙarawa a kowane sakan iri ɗaya ne tun daga farkon motsi har ƙarshensa. Faɗuwa sakaka kuwa ita ce motsin abin da babu wani ƙarfi da ke aiki a kansa sai jan ƙasa kaɗai. A kusa da doron duniya wannan ja yana canza gudun kowane abu da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, zuwa ƙasa, kuma ana alamta adadin da g. A lura cewa ma'anar ba ta ce dole abin ya kasance yana gangarowa ba. Dutsen da aka cilla sama, daga lokacin da ya bar hannu, yana cikin faɗuwa sakaka ko da yana kan hawa.

Yadda aka daɗe ana saɓani

Wanda yake ganin abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa ba shi kaɗai ba ne a tarihi. Aristotal, masanin falsafar Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa saurin faɗuwar abu yana bin nauyinsa, kuma wannan ra'ayi ya yi rinjaye a makarantu kusan shekara dubu biyu. Dalilin ɗorewarsa a fili yake: ya dace da abin da ake gani kullum, tunda ganye yana lilo a iska, dutse kuwa yana zuwa kai tsaye. Amma tun a ƙarni na 6, John Philoponus na birnin Iskandariyya, wanda malaman Larabawa suka sani da Yahaya an-Nahwi, ya rubuta cewa idan aka saki abubuwa biyu, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau da yawa, bambancin lokacin faɗuwarsu ɗan kaɗan ne. A 1586 Simon Stevin ya saki ƙwallayen dalma biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau 10, daga hasumiyar wata coci a birnin Delft na ƙasar Holan, aka ji saukarsu kamar ƙara ɗaya.

Galileo Galilei, ɗan ƙasar Italiya, shi ne ya mayar da maganar lissafi. A littafinsa da aka buga a birnin Leiden a 1638 ya kawo wata hujja wadda ba ta buƙatar ko da gwaji. A ɗauka babban dutse ya fi ƙarami saurin faɗuwa, sai a ɗaure su tare. Ƙaramin ya kamata ya rage wa babban gudu tunda yana jan sa baya, amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, saboda haka ya kamata su fi shi sauri. Ra'ayi ɗaya ya haifi amsoshi biyu masu karo da juna, wanda ke nuna cewa akwai ɓaraka a cikinsa tun daga tushe. Da yake a zamaninsa babu agogon da zai auna faɗuwa kai tsaye, sai ya rage wa motsin sauri ta hanyar gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga wani mazubi. Abin da ya gano shi ne nisan da abu ya ci yana bin lokaci a ninke da kansa: idan lokaci ya ninka sau 2, nisa ya ninka sau 4, idan ya ninka sau 3, nisa ya ninka sau 9.

Dalilin da ya sa haka kuwa sai a 1687 ya fito fili, daga dokokin motsi na Isaac Newton. Gaskiya ne cewa ƙasa tana jan dutse mai kilo 10 da ƙarfin da ya ninka na mai kilo 1 sau 10. Amma dutse mai kilo 10 ya fi wuyar motsawa sau 10 daidai. Ƙarin jan da ƙarin wuyar motsin suna cinye juna, abin da ya rage shi ne saurin canji iri ɗaya ga kowa. An sha gwada wannan daidaito da na'urori masu tsananin kaifi, kuma tauraron ɗan'adam na Faransa mai suna MICROSCOPE, wanda aka harba a 2016, ya kwatanta faɗuwar ƙarafa iri biyu a sararin samaniya bai sami bambanci ba har zuwa kusan kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan.

Fomuloli huɗu masu tushe ɗaya

Littattafan makaranta sukan jero fomuloli huɗu a cikin akwati, ɗalibi ya haddace su kamar ba su da alaƙa da juna. A gaskiya biyu ne na asali, sauran daga cikinsu suka fito. Ta farko ma'anar a ce kawai aka sake rubutawa: gudun ƙarshe shi ne gudun farko a tara da abin da aka ƙara cikin lokacin, wato v = u + at. Ta biyu ta ce tunda gudun yana canzawa daidai wa daida, matsakaicinsa shi ne rabin jimillar na farko da na ƙarshe, saboda haka s = ½(u + v)t. Wannan ta biyun ta girmi Galileo da kusan shekara 300, domin malaman Kwalejin Merton da ke Oxford a Ingila sun bayyana ta a shekarun 1330, sannan Nicole Oresme na Faransa ya tabbatar da ita ta hanyar zane. Idan aka ɗauki v na fomula ta farko aka zuba a ta biyu, sai a sami s = ut + ½at². Idan kuma t aka kawar, sai a sami v² = u² + 2as.

Amfanin sanin haka a aikace shi ne kowace fomula ta ƙunshi huɗu daga cikin abubuwa biyar, ta bar ɗaya. Ta farko babu s, ta biyu babu a, ta uku babu v, ta huɗu babu t. Tambaya takan ba da uku, ta nemi na huɗu, ta yi shiru a kan na biyar, kuma fomular da babu wannan na biyar a cikinta ita ce hanya mafi kusa. Wani lokaci ana ɓoye ɗaya daga cikin ukun a cikin kalmomi: “an saki” yana nufin u sifili ne, “ta tsaya” yana nufin v sifili ne, “ya dawo hannun wanda ya jefa” yana nufin s sifili ne.

A duba dutsen da aka saki daga wuri mai tsayi. Bayan sakan 1 gudunsa 9.8 ne, bayan 2 ya zama 19.6, bayan 3 ya zama 29.4. Nisan da ya ci kuwa mita 4.9 ne, sai 19.6, sai 44.1. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ninka gudun ƙarshe da lokaci, a ce 29.4 sau 3 ya ba da mita 88.2. Wannan amsa ta ninka ta gaskiya sau biyu, domin dutsen bai yi dukkan tafiyar da gudun 29.4 ba, a sifili ya fara, sai a ƙarshe ya kai can. Daga nan rabin da ke cikin ½at² ya fito. Idan kuma aka duba abin da ya ci a kowane sakan shi kaɗai, za a ga 4.9, sai 14.7, sai 24.5, wato ninki 1, 3, 5 na tazarar farko, jerin da Galileo ya lura da shi a kan katakonsa.

Malamai sun rabu a kan yadda ya kamata a koyar da wannan. Wasu suna ganin a ba ɗalibi fomulolin ya yi ta aiki da su har su zauna, fahimta za ta biyo baya. Wasu suna ganin a fara da zanen gudu a kan lokaci, inda gangarar layi take nuna a, faɗin filin da ke ƙarƙashin layin kuma yake nuna s. Na fi karkata ga na biyun, saboda wanda ya ga cewa s filin alwatika ne ba zai manta rabin ba, wanda ya haddace kawai kuwa yakan rasa madafa da zarar an sauya wa tambaya fasali. Duk da haka masu ra'ayin farko suna da gaskiya a abu guda: babu wanda yake ƙwarewa ba tare da ya warware tambayoyi masu yawa da hannunsa ba.

Misali daki-daki: dutse daga saman bene

Mutum yana tsaye a gefen rufin bene mai tsayin mita 25, ya jefa dutse sama kai tsaye da gudun mita 20 a sakan, dutsen ya hau, ya dawo, ya wuce gefen rufin, ya faɗi ƙasa. Ana so a san tsayin da ya kai, da lokacin da ya ɗauka, da gudun da ya bugi ƙasa da shi. Domin sauƙin lissafi za mu ɗauki g a matsayin 10.

Kafin a taɓa kowace fomula, a zana hoton, a sa mafari a hannun mai jifa, a zaɓi sama ta zama ɓangaren tarawa. Daga wannan zaɓi komai yake samun alamarsa: u shi ne +20 tunda sama aka jefa, a shi ne −10 tunda ƙasa ake jan sa, kuma doron ƙasa yana a s = −25 tunda yana ƙarƙashin mafari. Da an zaɓi ƙasa ta zama ɓangaren tarawa, duk alamomin za su juye, amsar kuwa ba za ta canza ba. Abin da ba ya halatta shi ne a sauya zaɓin a tsakiyar aiki.

A ƙololuwa v sifili ne. Fomula ta farko ta ba da 0 = 20 − 10t, wato t sakan 2 ne. Ta huɗu ta ba da 0 = 400 − 20s, wato s mita 20 ne sama da rufin, mita 45 daga ƙasa. Domin samun lokacin tafiyar gaba ɗaya, ba sai an raba ta gida biyu ba, tunda a ɗaya ne a hawa da sauka. Fomula ta uku ta ba da −25 = 20t − 5t², wanda idan aka gyara shi ya zama t² − 4t − 5 = 0, kuma amsoshinsa biyu ne, 5 da −1. Dutsen ya isa ƙasa bayan sakan 5. Gudunsa a lokacin shi ne 20 − 50, wato −30, kuma alamar ɗebewar tana faɗa mana cewa ƙasa ya nufa. Ana iya tantance wannan ta wata hanya: v² = 400 + 2(−10)(−25) = 900, tushensa, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da 900, shi ne 30. Jimillar nisan da dutsen ya ci mita 65 ne, 20 a hawa da 45 a sauka, amma gushewarsa −25 ce, kuma ita ce take shiga fomula. Wanda ya sa 65 ko +25 a wurin s zai sami amsa mai kama da gaskiya wadda ba ita ba ce.

Amsar nan ta −1 da ake jefarwa ita ma tana da ma'ana, kuma yana da kyau ɗalibi ya san ta. Da a ce daga ƙasa aka harbo dutsen da gudun mita 30 a sakan, sakan ɗaya kafin jifan, da ya iso daidai rufin da gudun 20 a daidai lokacin da mai jifa ya saki nasa. Fomula ba ta san cewa akwai hannun da ya fara motsin ba, tana kwatanta dukkan hanyar ne gaba da baya, mu ne muke zaɓar yankin da ya shafi tambayarmu.

Abin da ke faruwa a ƙololuwa

Tambayar da ta fi fallasa ko an fahimci babin ita ce wannan: a daidai lokacin da dutsen ya kai ƙololuwa, mene ne a? Da yawa sukan ce sifili, tunda dutsen ya tsaya. Amma a duba gudun sakan bayan sakan: +20, +10, 0, −10, −20, −30. Kowane mataki an ɗebe 10, kuma sifilin da ke tsakiya mataki ne kamar sauran, ba a tsaya a kansa ba. Da a ce a ya zama sifili a wannan wuri, da gudun ya daina canzawa, da dutsen ya maƙale a sama har abada. Jan ƙasa bai huta ba ko na ƙiftawar ido.

Wani kuskure mai kama da wannan shi ne ɗaukar alamar ɗebewa a kan a a matsayin raguwar gudu a kullum. A misalinmu a yana nan −10 tun daga farko har ƙarshe, amma a sakan 2 na farko dutsen yana rage sauri, a sauran 3 yana ƙarawa. Ƙa'idar ita ce idan gudu da a suna da alama iri ɗaya abu yana ƙara sauri, idan alamominsu sun saɓa yana ragewa. Haka nan wasu sukan sa v sifili a lokacin da dutse ya bugi ƙasa, wai tunda ya tsaya. Tsayawar ta zo ne bayan ƙasa ta tare shi da wani ƙarfi dabam, lokacin faɗuwa sakaka ta riga ta ƙare, saboda haka gudun da ake nema shi ne na dab da taɓawa.

Idan motsin ya kasu kashi biyu

Fomulolin suna aiki ne a kan yankin da a bai canza ba. Idan ya canza, sai a yanka tafiyar, gudun ƙarshen yanki ɗaya ya zama gudun farkon na gaba. An saki dutse a rijiya, aka ji ƙarar ruwa bayan sakan 3. Amsar gaggawa ita ce mita 44.1, amma sakan 3 ɗin sun ƙunshi faɗuwar dutsen da kuma hawowar sauti, wanda yake tafiya da gudu tsayayye na kimanin mita 340 a sakan. Idan aka raba su, dutsen ya ɗauki kimanin sakan 2.88, sautin ya ɗauki 0.12, zurfin kuma ya zama kusan mita 40.7. Ɗan lokacin da ake ganin bai taka kara ya karya ba ya rage fiye da mita 3, saboda a ƙarshen faɗuwar dutsen yana cin mita 28 a kowane sakan.

Inda lissafin ya shafi rayuka

Fomula ta huɗu ita ce ta fi kusa da rayuwar wanda bai taɓa shiga ajin Fiziks ba, domin ita ce take faɗin nisan da mota take ci bayan an taka birki. A ɗauka birki yana rage gudu da mita 7 a sakan cikin kowane sakan, adadin da ya yi kusa da abin da ake samu a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Dole a fara mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan ta hanyar rabawa da 3.6, matakin da ake yawan mantawa. Kilomita 50 a awa shi ne mita 13.9 a sakan, kuma motar za ta tsaya bayan kimanin mita 14. Kilomita 100 a awa shi ne mita 27.8 a sakan, kuma za ta tsaya bayan mita 55. Gudu ya ninka sau 2, nisan tsayawa ya ninka sau 4. Idan direba ya ɗauki sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, a ƙara mita 14 ga ta farko da mita 28 ga ta biyu, jimilla ta zama kusan 28 da 83.

Akwai lissafin da ya fi wannan tayar da hankali. Motoci biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana gudun 50, ɗaya 60, suka taka birki iri ɗaya a wuri ɗaya saboda yaro ya shigo titi. A daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu ba gudun 10 take yi ba kamar yadda hankali yake rayawa. A ɗebe 2,500 (50 sau 50) daga 3,600 (60 sau 60), a ɗauki tushen 1,100 ɗin da ya rage, za a ga tana gudun kilomita 33 a awa. Fomular nan kuma tana nuna cewa karo da bango a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, a gudun 100 kuwa daga kusan mita 39. Wanda yake ganin ƙarin kilomita 10 a kan iyakar gudu ƙaramin abu ne, waɗannan alƙaluma ya kamata ya duba.

Iska, da iyakar waɗannan fomuloli

Masu cewa wannan babi lissafin takarda ne kawai, tunda duniyarmu cike take da iska, suna da hujjar da ta cancanci amsa. Turjiyar iska tana ƙaruwa yayin da gudu yake ƙaruwa, har ta kai inda take daidai da nauyin abin, daga nan gudun ya daina ƙaruwa. Mai tsalle daga jirgin sama wanda ya baje jikinsa yakan tsaya a kimanin kilomita 200 a awa kafin ya buɗe laima. Ɗigon ruwan sama da ya taso daga tsayin mita 2,000 zai iso da gudun kusan mita 198 a sakan in da babu iska, amma ko manyan ɗigo ba sa wuce kimanin mita 9 a sakan. A irin waɗannan halaye a ba tsayayye ba ne, kuma wanda ya yi amfani da fomulolin huɗu zai yi nisa da gaskiya ƙwarai. Amma ga abu dunƙulalle mai nauyi, kamar dutse ko ƙarfe, da ya faɗo daga 'yan mitoci, turjiyar kaɗan ce, amsar kuma tana zuwa dab da abin da aka auna. Inda aka cire iska kuwa lissafin yana fitowa daidai: a hasumiyar gwaji da ke birnin Bremen na Jamus ana zuƙe iskar wani dogon bututu, a saki kayan gwaji su faɗi mita 110 cikin sakan 4.74, kuma duk wanda ya ninka 4.9 da 4.74, ya sake ninka amsar da 4.74, zai ga mita 110 ɗin.

Shi kansa g ba adadi ɗaya ba ne a ko'ina. Yana kusan 9.78 a layin da ya raba duniya biyu, 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu, kuma adadin da aka amince da shi a hukumance tun 1901 shi ne 9.80665. A wata 1.62 ne. Amfani da 10 a madadin 9.8 yana kawo bambancin kashi 2 cikin 100 ne kawai, saboda haka a bi abin da tambaya ta ce, kuma kada a gauraya su a aiki ɗaya.

Yana kuma raguwa da nisa daga duniya, amma ba da saurin da ake zato ba. A tsayin kimanin kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take kewayawa, g yana kusan 8.7, wato kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke doron ƙasa. 'Yan sama-jannatin da ake gani suna shawagi a cikinta ba su kuɓuta daga jan duniya ba. Su da tashar da duk abin da ke cikinta suna faɗuwa sakaka ne tare, da saurin canji iri ɗaya, shi ya sa babu wanda yake danna wani. Tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa ta gefe, saboda haka yayin da take faɗowa, doron duniya yana lanƙwashewa yana kauce mata. A can girman saurin canjin gudu kusan tsayayye ne, amma alkiblarsa tana juyawa a kowane lokaci domin kullum tsakiyar duniya yake fuskanta, kuma wannan ya isa ya fitar da motsin daga hurumin fomulolin huɗu zuwa babin motsi a da'ira.